Kunnen Ɗantsoho Mai Sifika

Duk wanda ya taɓa yin biki a Gumel ya san Ɗantsoho. Ba mawaƙi ba ne, in ya ce zai rera waƙa ko akuya sai ta tsinke igiya. Aikinsa shi ne ya riga kowa zuwa gidan biki, ya tayar da janareta, ya ja wayoyi, ya kafa sifiku, ya gwada sauti kafin mata su taru. Ni ne Barau, mai keke napep ɗin da ke ɗaukar masa kaya, shi ya sa na san abin da yake ɓoyewa.

Da lasifikar wa'azi ya fara, yana zagaya kasuwar Maigatari da batir a ka. Daga baya ya koma wa makaɗa. Shekara da shekaru kansa na jikin sifika, har ƙara ta cinye masa kunne. Na hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Da kunnen nan kuwa yake ciyar da gidansa, kuma wa zai ɗauki kurma ya gyara masa sauti?

Sai ya koyi dabara. Yakan dafa sifika da tafin hannu, in ganga ta buga ya ji ta a jikinsa. In ana yi masa magana, bakin mutum yake kallo. Amma duk ranar aiki a tsorace yake. In zai murɗa sauti, sai in ga gumi na zubo masa ko da sanyi ake yi. Na sha ce masa, "Yaya, ka je asibiti mana." Sai ya ce in ya je yau, gobe labari ya kai Gagarawa.

Ranar da muke tsoro ta same mu a Ɗanzomo, bikin 'yar wani manomi. Haulatu ce mawaƙiyar, ita ce kuma ke ba shi yawancin aikinsa. Bayan azahar muka kafa kaya a tsakar gida, wuri matsattse, katanga ko'ina. Haulatu ta ɗauki makirfo don gwaji, ta matso kusa da sifika. Sai abin ya saki wani siririn kuka mai huda kai. Mata suka toshe kunne, jarirai suka fashe da kuka, kaji suka watse.

Irin wannan kuka ba ya girgiza sifika. Ɗantsoho na duƙe, hannunsa a kanta, ya ba mutane baya, yana gyaɗa kai alamar komai lafiya. Na yi ta kwaɗa masa kira a banza, sai da na ruga na fizge waya. Ya juyo ya ga gida gaba ɗaya shi ake kallo. Wallahi ban taɓa ganin tsoro a fuskar babba irin na ranar ba.

Haulatu yarinya ce mai ladabi, ba ta yi masa faɗa ba. Ta zo ta rusuna, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki kamar yadda ake yi a gaban manya. Ta ce, "Baba, ka yi mana ƙoƙari. Daga yau ka huta, za mu nemi wani."

Bai ga bakinta ba. Ya yi murmushin dole ya ce, "Madalla, 'yata, Allah ya yi albarka."

Da yamma muka ɗaure kaya muka kamo hanyar Gumel. Mun yi nisa sai ya taɓa kafaɗata in tsaya. Na tsaya a gefen gonar gero. Ya sauko, ya zagayo gabana, ya kama haɓata, ya juyo da fuskata saitin idonsa.

"Barau," in ji shi, "me ta ce? Faɗa a hankali."