Bayan Kabad Ɗin Malama

A layin kafintoci Mai Baya ake kiransa, kuma da tsokana sunan ya fara. Sauran kafintoci gaban kabad suke ƙawatawa, su buga wa bayanta siririn filawud. Shi kuwa sai ya ɓata kwana biyu yana zaɓen katakon baya, busasshe, wanda ya shekara a rumfa. Yakan yi wa kowane falle tsagi a gefe ya zura shi cikin ɗan'uwansa, ba ya sa gam, sai sukuru huɗu kacal, don katakon ya sami wurin motsi idan damina ta kumbura shi.

"Baya shi ke riƙe da kabad," in ji shi. "Gaba kwalliya ce."

Da ciwon gwiwa ya hana shi hawa bene, ƙanensa Auta ya karɓi aikin kai kaya gidajen mutane. Shi ya reni Auta, shi ya koya masa riƙe zarto. Har murna ya yi da Auta ya fara sayar da ƙananan kujeru a ƙofar gidansa.

Wata safiya wata tsohuwar malamar makaranta ta zo shagon, Auta ba ya nan.

"Mai Baya, kabad ɗinka ta karkace kamar mai jin barci. Shekara uku kacal!"

Ya yi dariya, ya ce ƙasan ɗakinta ne bai daidaita ba. Amma ya ɗauki sanda ya bi ta, yana hutawa a kowace matattakala. Suka janye kabad ɗin daga bango. Filawud ne a bayanta, ya sha danshi ya kumbura, yana ɓarewa kamar kwali. Ramukan sukuru huɗun nan suna nan, an buga ƙusa a gefensu.

"Wa ya taɓa miki ita?"

"Wa zai taɓa? Haka ƙanenka ya kawo ta."

Bai koma shago ba. Ya wuce gidan Auta, ya ɗauki kujera ɗaya daga cikin na sayarwa, ya kifa ta. Ga tsagin nan a gefen katakon, aikin hannunsa. Ya kifa ta biyu, ya kifa ta uku.

Auta ya fito yana goge hannu, ya tsaya cak.

"Gida nawa ka yi wa haka?" in ji Mai Baya.

"Haba Yaya, wa ke kallon bayan kabad? Katako mai kyau yana ruɓewa a jikin bango, ni kuwa ga iyali."

"Na ce gida nawa?"

"Duk wanda na kai."

Mai Baya ya ajiye kujerar a hankali. Shekara shida ke nan, tun da Auta ya karɓi kai kaya, yana zaɓen katako, mutane suna yabon abin da babu shi a ɗakunansu. Kuma da ya sa gam kamar kowa, da Auta bai iya cirewa ba.

"Ba ni makullin shago."

Washegari ya ɗora katako a amalanke, ya fara da gidan malamar. Ta ce ya bari ƙanen nasa ya hau da kayan mana, ga gwiwa.

"Ba ni da mai hawa yanzu, Malama," ya ce, ya rungumi falle biyu ya kama ƙarfen bene.