Faifan da ya tayar da ordinatarmu

A ƙarshen shekarun casa'in ina buga takardu a wani ofishin haƙa rijiyoyi a Tawa. Wata safiya ordinatarmu, wato kwamfutarmu, guda ɗaya tilo ta ƙi tashi. Wani abokina da ke Yamai ya sauko mana da manhajar tayar da ita daga intanet, dunƙule cikin fayil guda, ya aiko ta hannun direban mota.

Na kwafe fayil ɗin cikin sabon faifai kamar yadda nake kwafe wasiƙa. Sau huɗu ina sakawa, ko motsi. Na daki tebur, na zagi na'urar har da wanda ya ƙera ta.

Wani mai gyaran famfon rijiya da ya shigo karɓar takarda ya leƙo, ya ce, “Malam, damin gero ka ba ta, ba a sussuke ba.” Ya kai faifan ofishin maƙwabtanmu, ya warware fayil ɗin a kansa da tasu ordinatar. Da ya dawo ya saka, tamu ta tashi.

Na ɗora masa shayi, ya ce motar Affala za ta bar shi. Har yau ina yi masa addu'a, alhali ko sunansa ban tambaya ba.