Alkawarin Taga

Ranar da bulon farko ya leƙo ta saman katangarmu, na bar tuwona na tsaya ina kallonsa. Daga ranar, kullum na dawo daga makarantar da nake koyarwa, kafin in cire hijabi sai na tsaya a tsakar gida na ɗaga kai na ƙirga layin da aka ƙara. Umma, mahaifiyata, takan ce in daina wahalar da wuyana, ai yaron ya yi alkawari.

Yaron da take nufi ɗan maƙwabtanmu ne a Yakasai, Alhaji guda mai furfura a gemu. Amma ita ta goya shi shekarar da uwarsa ta yi doguwar jinya, saboda haka har gobe yaro ne a wajenta. Ni Yaya nake ce masa. Da iyayensa suka rasu, gidan ya dawo hannunsa, ya rushe shi ya ce filaza zai gina, shaguna sama da ƙasa.

A idona wannan yayi na gina shaguna ya girma. Ina ƙarama, ciniki a kasuwar Kurmi yake, cikin rumfunan da dogon mutum sai ya sunkuya, mai kaya na zaune kan buzu, kai kana tsaye a lungu. Sai aka fara fasa zauruka a unguwa ana sa musu ƙofar ƙarfe, suka zama shaguna. Aka ga ɗaya bai isa ba, aka jera. Da fili ya ƙare aka hau sama. To, a cikin birni duk wanda ya hau sama, tsakar gidan wani yake kallo.

Tamu tsakar gidan kuwa ita ce duniyar Umma. Nan take zama ba ɗankwali, ta shafa lalle a furfurarta ta baza ta sha iska. Banɗakinmu ba rufi, haka muka tashi muka gan shi. Agogo kuwa ba ta taɓa ɗaurawa ba. In inuwar katanga ta taɓa gindin randa, azahar ta yi. In ta hau bakin rijiya, la'asar. Sau da yawa tana gama alwala ladan ke gyaran murya, ta dube ni ta ce, "Ga naki na hannu, ya faɗa miki?"

Shi ya sa tun kafin a haƙa tushe na sa aka kira Yaya. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Umma, wallahi ko taga ɗaya ba za ta kalli gidan nan ba." Ban yarda da haka kawai ba, sai da na sa ya maimaita a gaban mai unguwa. Na dawo ina jin kaina, wai ni mai wayo.

Bango ya yi ta tashi, ba kafa ko ta shigar ƙadangare. Har na fara sakin jiki. Sai wata Laraba na dawo na tarar kafintoci suna kafa katako a karkace a jikin bangon, ta waje, ta ɓangarenmu. Na leƙa ta kan katanga na tambayi magini mene ne wannan.

"Matakala ce, Malama," in ji shi. "Yanzu haka ake yi. Gaba na shaguna ne, ba a ɓata shi. Matakala da baranda baya ake kai su."

Ko jakata ban ajiye ba na zaga. Na sami Yaya tsaye kan tulin yashi, leburori kewaye da shi.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Ina alkawarin?"

Ya ce, "Taga na ce. Kin ga taga?"

"Taga mutum ɗaya ke leƙawa. Wannan Kano gaba ɗaya za ta hau!"

Ya sassauta murya ya ce injiniya ne ya zana, amma in bari zai duba ko za a iya ja mata bango. Da na yi shiru a nan, wataƙila da an ja. Ina! Zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ce masa, a gaban leburorinsa, bayan da zai sa 'yan kasuwa su riƙa kallo shi ne bayan da ya yi wa fitsari yana jariri. Wani lebura ya tuntsire da dariya. Fuskar Yaya ta haɗe. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce wa magini, "Ku ci gaba da aikinku."

Na dawo na faɗa wa Umma. Sai ta ce, "Ban goya shi don ki je ki yi masa gori ba." Na ji kunya, har yau ina ji. Mai unguwa ya je sau biyu, amsar ɗaya ce: an yi maganar taga, kuma ba taga.

Aka buɗe filaza. Kwana uku ba abin da ya faru, don Umma ba ta fitowa sai da mayafi. A na huɗu ta manta. Ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji, kai a buɗe, lalle ya yi ja a gashinta. Ina tankaɗe a ƙofar ɗaki na ji takun mutum a sama. Wani ɗan dako ne da kwali a ka, ya tsaya a tsakiyar matakala yana hutawa. Ba mugu ba ne, bawan Allah. Ido ya haɗu, ya rasa abin yi, ya ce, "Sannu, Hajiya."

Umma ta fizge faifan da ke hannuna ta kifa a ka, gari ya zubo mata har kafaɗa, ta shige ɗaki tana tuntuɓe. Tsohuwar da ko sirikanta ba su taɓa ganin gashinta ba! Daga ranar, da hijabi take shara, da hijabi take girki a wannan zafin, wanka kuwa a ɗaki cikin baho. Ta rame, ta daina tsokanata.

Cikin kwanakin wata abokiyar aikina ta ja ni katafaren kantin nan na zamani da ke wajen ganuwa, wai in huce. Na tsaya a tsakiyarsa ina kallo, takaici ya ƙara kama ni. Daga waje bango ne kawai, ba ko taga. Shagunan duk ciki suka juyo, sun kewaye fili. Ashe bayan duk hawa saman nan, ginin gidanmu suka dawo suka kwaikwaya, sai dai su sun rufe nasu da abin da haske ke ratsawa.

Na dawo da murna na ce wa Umma akwai kwanon roba mai haske, za mu rufe tsakar gida da shi. Ta girgiza kai ta ce inda haske ya ratsa, ido ma zai ratsa. Na yi bayani har na gaji. Ta ce na ƙarfe take so.

Yini guda kafinta ya yi. Da ya buga ƙusa ta ƙarshe ya fita, gidan ya yi duhu kamar rumbu. Umma ta fito a hankali ta ɗaga kai ta duba kowace kusurwa. Sannan ta cire hijabin ta rataye a igiya, ta zauna kan tabarma ta warware gashinta. Na ji sanyi a raina, na ce to, ko ba komai na ƙwato mata gidanta.

Mun jima zaune. Sai na ga ta juya ta kalli gindin randa, ta kalli bakin rijiya, ta sake kallon randa. Ta gyara zama, ba ta dube ni ba, ta ce da ƙaramar murya:

"Ke, duba mini na hannunki. An yi la'asar kuwa?"