Mainasara da Suwic ɗin Makarantar Shanga

Mainasara mutumin Wara ne, amma a Yelwa ya zauna, yana haɗa wa makarantu da shaguna intanet. Aikin da ya fi cin ransa shi ne na wani suwic, akwatin da ke raba layi tsakanin kwamfutoci, wanda ya kai wata makaranta a Shanga. Maƙeransa sun dasa bayanin kowace kafar waya a cikin ƙwaƙwalwar akwatin, amma zuciyar manhajar da ke tafiyar da shi ba ta iya karanta irin wannan bayanin ba. Ko kafa ɗaya ba ta gani.

Ya zauna ya rubuta gyaran da zai koya mata, ya aika wa masu kula da manhajar a ƙasashen waje. Suka dawo masa da shi. Ya gyara ya sake aikawa, suka sake samun abin cewa. Ruwan Kainji ya cika ya janye, Mainasara yana kan abu ɗaya, ga ɗauke wuta, ga ciwon ido.

Mahaifiyarsa ta zo daga Wara da busasshen kifi, ta tarar ya rame.

"Wai wa ya sa ka wannan aiki?"

"Ba kowa, Inna. Na fara ne, kuma ba ya baruwa."

"To, Allah ya raba ka da shi lafiya."

Ranar da aka karɓi gyaran, bai gaya wa kowa ba. Ya hau mota zuwa Shanga, ya kunna akwatin, fitilun kafofin suka kama ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Mainasara, ka daɗe fa," in ji shugaban makarantar.

"Na daɗe," ya ce. Ya nemi benci a inuwar darbejiya ya kwanta.