Fiffiken Bayan Motata

Motata tsohuwa ce, familiyal mai dogon baya, da ita nake jigilar mutane daga tashar Matameye zuwa Yauri da Tsauni. Baturen da ya fara hawanta ne ya ɗaura mata wani ƙarfe mai kama da fiffike a saman ƙofar baya, wai don iska ta riƙa share mata gilashi. Ƙarfen kariya na ƙasa ya daɗe da faɗuwa, mariƙin ƙofar ma babu, amma fiffiken nan yana nan daram. Ni da wautata har goge shi nake yi da tsumma.

Shekarar da fari ya ƙone gonaki soja ne ke mulki, aka yi shela cewa duk wanda ya ɓoye hatsi maƙiyin ƙasa ne. Aka kawo mana wani sarjan, gajere mai jan ido. Motarsu ta lalace, sai ya zo tasha ya nuna tawa da bulala. Ya sa aka ɗaure hannuwan wani ɗan kasuwa da aka kama da hatsi da igiya a jikin fiffiken, ya ce in ja a zaga gari kowa ya gani. Na ja. Wallahi na ja, ban isa in ce a'a ba. Amma a giya ta ɗaya na bar ta tana rarrafe, idona a madubi, in mutumin ya yi tuntuɓe sai in taka burki in ce injin ne. Ya sha bulala da kunya, amma da ƙafarsa ya koma gida.

Ranar Laraba da hantsi matar kawuna ta faɗo tasha ko takalmi babu. An kama Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. An tona ƙasan ɗakinsa an sami dami huɗu na gero. Jama'a, iri ne fa! Kowane manomi ya san ba a taɓa iri ko yunwa za ta kwantar da gidan, da shi za a yi shuka in ruwa ya sauka. Tsohon nan ganye yake ci da dusa, geron na ƙarƙashin tabarmarsa. Sarjan bai taɓa riƙe hauya ba, balle ya gane. Ya aiko cewa in kawo mota bayan la'asar.

Raina ya ɓaci. Kawu ya haura saba'in, gwiwarsa guda ba ta lanƙwasuwa. Na ce a raina, in babu fiffike, ina za su ɗaura igiyar? Na figi mota sai garaji.

Bakaniken ya duba notina biyun da ke riƙe da fiffiken, tsatsa ta cinye su. Ya ce, "Sai a jiƙa su da kananzir su kwana, gobe su kwance da kansu."

Na ce, "Gobe? Goben uwar wa?"

Ya riƙe mini hannu yana cewa in yi haƙuri, na ture shi ya faɗa kan tayoyi. Mutumin kirki, har yau ina jin kunyarsa. Na ɗauki guduma da wani guntun ƙarfe mai kaifi na hau duka. Notin farko ya tsinke ya yi tsalle. Na biyun ya ƙi, ɗan banza. Na yi ta jibgarsa ina zagi, gudumar ta kuɓuce ta sami gilashin baya, ya tarwatse a kaina. Jini na bin goshina ban kula ba. Na kama fiffiken da hannu biyu, na taka ƙofar da ƙafa, na yi ta murɗawa har ya yage ya fito, ya bar huji biyu a saman ƙofar, kowanne yatsa uku za su shiga. Na wurga shi bayan katanga. Daɗi ya kama ni, ina ganin na ceci Kawu.

Bayan la'asar na kai mota. Sarjan ya zaga bayanta ya tsaya.

"Ina ƙarfen?"

"Ya faɗi a hanya, Shef."

Ya dubi jinin goshina, ya dubi ɓaraguzan gilashi a kujerar baya. Bai ma ɗaga murya ba. Soja biyu suka danne hannuna na dama a kan murfin injin, ya ɗaga gindin bindiga ya sauke sau uku. Na ji ƙasusuwan suna ƙara kamar an taka busasshen kara. Na yi ihu, na durƙushe, na cusa hannun cikin riga. Shi kuwa ya sa yatsa cikin hujin da na bari, ya yi dariya, ya zura igiya ta wannan ya fito da ita ta wancan. Ni na gyara masa wurin ɗauri da hannuna.

Sai aka fito da Kawu yana ɗingishi. Ya ga yadda na ja ɗan kasuwar nan ranar, don haka da ya hango motata fuskarsa ta saki. Suna ɗaure shi yana kallona.

"Ɗana, kai za ka ja, ko? To, alhamdulillahi."

Na juya wajen sarjan. Na ce, "Shef, don girman Allah bar ni in ja, zan iya da hagu." Ya haure ni da takalmi a ƙirji, ya miƙa makullin ga wani soja da ko kunna ta sai da ya yi sau uku.

Ina kwance a ƙasa na ji ya sa giya ta biyu, kafin kwanar kasuwa ya sa ta uku. Washegari da hantsi muka binne Kawu, ko ƙasa ban iya zuba masa da hannun dama ba.