Mersiha, Wadda Na Tare Wa Iska

Na Allah muke, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Da hantsin ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, Allah Ya karɓi ran Mersiha Bajrić a gidanta da ke bakin kogin Una, bayan doguwar jinya. Shekarunta arba'in da bakwai. Jaridu sun riga sun jera tserukan keken da ta ci, ba sai na maimaita ba. Ni ce Zineta, 'yar Hasib mai gyaran keke. Wanda bai san ni ba ya duba hotunanta na tsere, kafaɗar nan da ake yankewa a gefen hoto tawa ce.

Mersiha, da ke zan yi magana, don na saba.

Unguwarmu ɗaya, makarantar masallacinmu ɗaya. Na riga ki sauke Alƙur'ani da nisa, amma ke Malama take zaunarwa kusa da murhu idan sanyi ya tsananta. Kekuna biyu Babo, mahaifina, ya haɗa mana da tsofaffin ƙarafan shagonsa, ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan, ya miƙa miki marar nauyin. Da na yi magana, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ke kina da ƙafa, ni ina da haƙuri. Bai yi ƙarya ba, shi ya sa ta yi mini ciwo. Kina kiransa Amija kamar ƙanen mahaifinki ne, shi kuwa yakan ce "yarinyarmu", kuma duk gidan mun san ba ni ake nufi ba.

Alherinki ba ya ƙirguwa, kuma haƙƙinki ne in faɗa. Da wata ƙungiya ta Italiya ta neme ki, kin ce ba za ki sa hannu ba sai da ni. Ke kika tsaya a kan mai dafa mana abinci har ya ware mana tukunya, ba naman alade, ba giya a miya. A masaukan da muka kwana, ke ce mai tashina da asuba, ki ce, "Hafiza, tashi ki yi mana," sannan ki ja bargo ki koma. Na sha gaya miki ba a yi wa wani salla. Daga baya kin riƙe ta da kanki, har kin fi ni tashin dare, Allah Ya karɓa. Shekarar da na karya ƙashin wuya, kin bar hutunki kin zo kina tsefe mini kai kina ba ni miya a baki. Matan da ke ɗakin asibitin suka yi ta tambayata yadda aka yi na san ki.

Aikina a ƙungiya shi ne in shiga gabanki in tare iska. In koma motar ƙungiya in cusa gorunan ruwa a rigata in kawo. In tayarki ta fashe in cire tawa in ba ki, in tsaya a gefen hanya ina jira. Idan an iso gindin dutsen ƙarshe na riga na ƙare, sai in kauce ki wuce. Ban taɓa ganin kin ci tsere da idona ba. A rediyon kunne nake ji, ina can baya ina fama da hawa.

Kin san ina kishinki. Ban ɓoye miki ba, kuma ba ki taɓa jin haushi ba. Dariya kike yi ki ce in ci gaba, wai shi ke sa ni taka feda. Har wannan sauƙin kan naki na yi kishinsa.

Sai shekarar da babban tseren bazara ya biyo ta garinmu. Kin kwana biyu da rigar jagora a jikinki, zangon ranar kuma zai ratsa kasuwa, ya wuce ƙofar shagon Babo, ya haye gada, daga nan sai dutse. Al'ada ce a ayari, idan hanya ta bi ta garin wata, akan bar ta ta yi gaba ita kaɗai ta gaida iyayenta, ta jira a iso ta. Ba a bar wa mai rigar jagora wannan, don ba wadda za ta yarda ta ɓace mata da gani. Wato karo ɗaya a rayuwa, abin ya faɗo kaina. Abu ɗaya nake so a duniya ranar, Babo ya gan ni a gaba, ba kowa a bayana da zai leƙa.

Ke kika nema mini. Ina ganinki kina zagaya ayari, ki dafa wannan, ki yi wa waccan raɗa, har Itziar 'yar Sifen, wadda ba ta yi wa kowa murmushi, ta ɗaga mini haɓa. Kika matso kika ce in tafi, kuma in gyara zamana, wai ina zama a kan keke kamar mai zuwa cefane.

Na shiga gari ni kaɗai. Sunanki ne rubuce da farin fenti a kan kwalta tun daga makabarta har kasuwa. Mutane suka hango rigar ƙungiya da hular kwano suka ɗauki ihun sunanki, da na matso sai ihun ya yi ƙasa, aka koma tafi na ladabi. Ban damu ba. Na ja birki a ƙofar shago. Mama tana riƙe da farantin pita, gurasarmu mai dankali, tana hawaye. Babo yana tsaye da rigarsa ta Juma'a. Na cire tabarau, na ce, "Babo, ga ni."

Ya leƙa hanya ta saman kafaɗata.

"Ina yarinyar?" ya ce. "Wa kika bar mata? Ga iska tana bugowa daga kogi, ga dutse a gaba, ke kina nan tsaye."

Mama ta ce ya ji tsoron Allah. Ya ce shi maganar aiki yake yi. Na tsaya riƙe da keke, na rasa inda zan sa idona, har ayari ya kunno kai. Sun fara ƙara gudu saboda gada. Ban san me kika gani a fuskata daga nesa ba. Na ga dai mai rigar jagora ta fita daga layi, ta ja birki, ta sa ƙafa a ƙasa. Ba wadda ta yi miki alkawarin jira, iznin nawa ne ni kaɗai.

"Amija, ka sumbaci 'yarka."

"Ke, kin haukace? Tafi! Suna wucewa!"

"Sai ka sumbace ta. Ni ba sauri nake ba. Mama, pitar nan da zafi?"

Koci yana ta zagi a kunnenmu da Italiyanci. Babo ya kama kaina da hannu biyu, hula da komai, ya manna mini baki a goshi, idonsa yana kan bayan ayari. Sannan ya tura ni da ƙarfi ya ce in mayar da ke cikin ayari.

Na mayar da ke. Tun daga gada har tsakiyar dutse na ja ki, ban taɓa taka keke irin na ranar ba, na sa ki a wutsiyar ayari, na kauce. Kin riƙe rigarki har ƙarshen tsere. Ni kuwa na isa ana kwance shingaye, lokacin da aka ɗiba ya wuce, aka cire ni. Washegari jaridu suka cika da labarin jagorar da ta tsaya don ƙawarta. Gaskiya suka rubuta. Kin sa abin da kika fi so a kan siraɗi domina, kuma ban san wata da za ta yi haka ba. Amma Mersiha, tun da na yi wayo har kika bar mu sumba ɗaya na samu daga mahaifina, ita ma ke kika ba da umarni.

Bayan mun ajiye tsere kin dawo gida kina koya wa 'yan mata hawa, kina bin iyayen da suka ƙi gida gida kina shan gahawarsu har su yarda. Da ciwo ya kwantar da ke, kin hana a gaya wa Babo gaskiyar ciwon, kin ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ni kika gaya wa. Kika ce ni zan wanke ki, don ni na san duk inda kika taɓa karyewa, ba zan murɗe ki ba.

Na cika miki. Na bi a hankali ta kafaɗar hagu da gwiwar da aka yi wa aiki. Maza suka ɗauke ki, mu mata muka zauna a gidanki muna karatu, ni nake ja, kuma muryata ba ta karye ba sai a Yasin.

Da yamma na koma wurin Babo. Ƙafafunsa ba su kai shi makabarta ba. Na same shi a kujerarsa ta bakin taga, gahawa ta huce a gabansa. Ya tambaya ko an yi jama'a, na ce gari kaf. Ya tambaya wa ya wanke ki. Na ce ni.

Ya ce, "To. Wannan karon kin kai ta har layin ƙarshe."

Ya jawo hannuwana biyu ya sa a fuskarsa, ya sumbace su, ya riƙe bai saki ba. Ba wanda ya sa shi. Sai dai ban sani ba, ni ya riƙe, ko hannun da ya taɓa ki ƙarshe yake nema. Ke kaɗai za ki iya tambayarsa kai tsaye, ni ba zan iya ba. Na bar masa hannun.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Mersiha 'yar Sabit, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka saka mata da alherin da ta yi mini, wanda na gode da wanda ya yi mini nauyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Ermin, da 'ya'yanta Ilhana da Dženan, da mahaifiyarta Inna Fikreta, da 'yan matan da har yanzu suke taruwa da kekunansu a bakin gada ranar Asabar. Allah Ya ba ku haƙuri. Ku sa Hasib mai gyaran keke a addu'arku, don shi ma 'ya ya rasa.