Kanyar Malam Audi

Audi taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun ranar suna. Ko da mutane suka koma kiransa Malam Audi suna rusuna masa a hanya, ni ban fasa ce masa bawana ba, shi kuma bai fasa amsawa ba. Dogo ne siriri, ga kunnuwa fatan-fatan, ga ɗingishi saboda tsohon gyambon da ya ci masa ƙauri. Magana kuwa sai ka yi ta tono kafin ka samu.

A wata unguwar Maguzawa aka haife mu, bayan dutse, yamma da Tafoki. A gidanmu na da, duk abin da ake tsoro ko ake roƙo yana da mazauninsa. Mai ba da ruwa yana kan dutse, mai kama yara yana cikin tsamiya, na gona yana gindin suri. In ɗanka ya kwanta ka san inda za ka kai zakara, ka san launin da ake so, ka kai ka dawo. Allah kuwa mun san da shi, amma yana can sama, ba a kai masa komai, ba kuma wanda ya san ƙofar gidansa.

Ni fatauci ya ja ni Ƙanƙara, ina dakon kanwa da gishiri a jaki, a can na musulunta na yi aure. Audi gyambo ya ja shi. Da ƙafar ta ƙi jin magani har ta fara wari, aka ɗora shi a jaki aka kai shi asibitin Turawan mishan can kudu, muka cire rai da shi. Sai ga shi bayan shekaru, wajen 1952, da ƙafa a warke, da mata mai suna Alheri, da akwatin magani, da addinin Almasihu. Ya kafa ɗakin sujada na zana da jinka a bakin unguwa, gidaje kaɗan suka bi shi.

In ka ji an ce mai bishara sai ka ɗauka aikinsa wa'azi ne. Wa'azi rana ɗaya ce a mako. Sauran kwanakin wankin gyambo ne, da raba faɗan akuyar da ta ci waken maƙwabci, da koya wa ƙattai baƙi suna zufa kamar masu huɗa. Shi ne mai zama da matar da mijinta ya mutu, shi ne mai janyo wanda ya tuba ran Lahadi ya koma gidan burkutu ran Talata. Bayan duk wannan ga gonarsa tana jiransa, don bishara ba ta cika rumbu. Alheri takan ce ita ba mutum ɗaya ta aura ba, unguwa ta aura.

Wata rana da damina na biyo da jakina daga Faskari, na ratsa in sha ruwa. Alheri ta ce yana gona, in duba gindin kanya. Kanyar tana ƙarshen gonarsa, tsohuwa ce mai duhun inuwa, tun muna yara muke jifar 'ya'yanta. Na same shi zaune, rana tsaka, fartanya a gefe, ido biyu, hawaye na bin kumatunsa.

Na ce, "Bawana, wa ya mutu?"

Ya ce, "Zamna, Rabo."

Na zauna ina jiran mugun labari. Ya ce shekarar da ya dawo, yana cikin maimai, gajiya ta kama shi ya zo nan ya zauna. Ba addu'a yake yi ba, ba komai ba, tunanin tsaba ma yake yi. Sai kawai ya san Ubangiji yana wurin. Bai ga kowa ba, bai ji murya ba.

"Ka tuna in zazzaɓi ya kada ka kana yaro, idonka ruhe, inna ta shigo ɗaki? Ba ta yi magana ba, amma ka san ta shigo. To hakanan."

Na ce, "A ɗakin sujadar taku fa?"

"Can ina magana, ina jin muryata tana bugun jinka tana dawowa. Ina gaya masu shina kusa, kuma gaskiya nike gaya masu. Amma ni nan kaɗai na taɓa jin kusan."

"Kullum shina zuwa?"

"Ina! Wani lokaci wata da watanni ban ji komi ba. Amma in na ce yau ba ni zuwa, sai tsoro ya kama ni ko yau ce ranar."

Na zo da tsiya cike da baki, na rasa inda zan sauke ta. Na tausaya masa ƙwarai. Mutum ne da ya ɗanɗana abu sau kaɗan, ya rage sauran rayuwarsa yana jin yunwarsa. Duk da haka kafin in tashi sai da na ce masa ya riƙa share hawaye, kada tsuntsaye su raina shi.

Abin da ni da shi ba mu lissafa ba shi ne idon mutanensa. Jiya-jiya suka bar tsamiya da suri. Suna ganin malaminsu kullum rana tsaka yana bin hanya ɗaya shi kaɗai, ya dawo wata rana fuska a sake, hannunsa da sanyi a kan marar lafiya. Mutumin da ya tashi a gidan da maigida ke ɓoye wurin tsafinsa ba ya bukatar a yi masa bayani.

Da farko wani farin ƙyalle Audi ya tarar ɗaure a reshe, ya ce wasan yara ne. Sai ƙwaryar fura a gindi, an rufe ta da faifai. Ranar da na sake biyowa muka tafi tare, muka iske jini a saiwa, ga farin gashin zakara iska na wasa da shi. Ni dai dariya ta ƙwace mini har da riƙe ciki. Na ce, "Bawana, ashe ka zama sarkin tsafi ba ka gaya mani ba, da na kawo nawa zakaran!" Na juya na ga fuskarsa, dariyar ta koma ciki.

Mai zakaran bai ɓoye kansa ba. Baba Mani ne, dattijon da a da shi ke yi wa gidansu yanka, wanda ya ƙone layunsa da hannunsa ranar da aka yi masa baftisma. Jikarsa ce ta kwanta, amai da gudawa. Muka same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya.

Audi ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, mi ya kai ka? Ba mun bar wannan ba?"

Tsohon ya ce, "Mun bari mana. Ni ban kai ma tsamiya ba, ban kai ma suri ba. Naka na kai mawa."

"Baba, Ubangiji ba ya zama cikin itace."

"To don mi kake zuwa?"

Tsohon ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

"Malam, kada ka maishe mu yara. Ɗakin da kake tara mu ran Lahadi zaure ne, mun gane. Can ne cikin gida. Kai ka san hanya ka ɓoye muna, mu kau muna da marasa lahiya. Kai kaɗai za ka ci?"

Ba da fushi ya faɗa ba, da roƙo ya faɗa. Audi ya shiga ya duba yarinyar, ya ba ta abin da ke akwatinsa, ya yi mata addu'a. Ta tashi bayan kwanaki. Kowa a unguwar ya ce zakaran ne.

Ya yi wa'azi a kai har muryarsa ta dushe. Su ce gaskiya ne Malam, amin Malam, a watse, da rana a ga sabon ƙyalle. Sai ya yanke wa kansa zuwa wurin, ko za su ga ya bari su bari. Kaka guda bai taka gindin kanyar ba, yana yankan dawa yana juya mata baya. Ya rame har wuyansa ya fita. Alheri ta ce mini abinci sai ta tsaya a kansa, da rana ta take kuwa sai ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya yi ta zagaya gida. Mutane kuma suka ce Malam ya sakar musu wurin ke nan. Hanya ta faɗaɗa a tsakiyar gonarsa, har daga wajen 'Yargoje wata mata ta zo neman haihuwa.

Da rani ya shigo sai ga shi a gidana a Ƙanƙara, da ƙafa, da ɗingishinsa. Ya ce in zo da gatarina in taya shi sare kanyar, don a cikin mutanensa ba mai ɗaga ƙarfe a kan itacen nan.

Na yi masa faɗa sosai. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Abu ɗaya gare ka a duniya, ba riga ba, ba doki ba. Su ɗaura ƙyallensu mana, iska ta cinye! Shekara nawa kana wanke masu ƙafa, inuwa guda ba za su bar maka ba?"

Ya ce, "Ba su da laihi, Rabo. Sawuna suka bi. In na bar ta, na maida su inda na same su, sunan kaɗai ya sake."

"In ka sare, ka rasa shi fa?"

Ya dubi ƙasa. "Abin da ya hana ni barci ke nan. Na san ba cikin kanya yake ba. Da kaina na sani. Zuciyar ce ba ta sani ba."

Na ɗauki gatari ina zage-zage, na ɗora Audi a jaki don ƙafar, muka kama hanya.

Da hantsi muka isa gonar. Labari ya riga mu, mutane sun tsaya can nesa a kan kunyoyin gona, maza da mata, ba mai matsowa. Alheri ce kaɗai ta zo kusa da tulun ruwa. Audi ya kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe ƙore ya ajiye gefe. Sannan ya ce in ba shi ɗan lokaci. Ya zauna inda ya saba zama, ya jingina da itacen, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na koma gefe na ba shi baya. Wallahi ni da ba addininmu ɗaya ba, sai na ji ina roƙon Allah a zuciyata ya ba bawan nan abin da ya zo nema, ko na sallama ne. Rana ta take, inuwa ta tattaru a gindi. Can na ji motsinsa ya miƙe.

Na ce, "Ya zo?"

Ya ce, "Bai zo ba. Miƙo gatarin."

Kanya ba ta saruwa da daɗi. Gatari na tsalle, hannuwanmu suka yi kanta suka fashe, ranar ba mu gama ba sai da muka koma washegari. Duk saran da Audi ya kai, sai ka ji mata sun ja numfashi, suna jiran ya faɗi matacce. Bai faɗi ba. Itacen ne ya yi ƙara ya kwanta, ƙura ta tashi, tsuntsaye suka watse. Wurin ya zama fili fetal, rana ta sauka kan kututturen.

Baba Mani ya taho da sandarsa, shi kaɗai, har ya iso. Ya shafa kututturen, ya dubi sama, ya dubi Audi. Tsoho ne da na san shi tun ina yaro ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar na gani.

Ya ce, "Malam, yanzu ina za mu same shi?"

Na ɗauka zai jawo masa wa'azi. Audi ya jefar da gatari, ya kama hannun tsohon da hannunsa mai jini. Ya ce, "Baba, ni ma ban sani ba. Ni ma nemanshi nike. Zo mu tahi tare."

Suka nufi unguwa, mai sanda da mai ɗingishi, sauran mutanen suka bi bayansu a hankali. Aka bar ni da Alheri da itace a kwance. Matan Tafoki ne suka kwashe shi suka yi girki.

Wasu sun bar Audi bayan wannan, suka ce malamin da ya sare gidan Ubangijinsa ba abin bi ba ne. Baba Mani bai bari ba, a sahun gaba yake zama har ya rasu, Audi ne ya binne shi. Aiki ya ci gaba yadda yake, gyambo da faɗan awaki da jana'iza. Ya shuka gero a inda kanyar take, ya yi kyau kuwa.

Na daɗe ban tambaye shi ba, don ina tsoron amsar. Sai wajen ƙarshen shekarun hamsin, na biyo na same shi a ƙofar ɗakin sujada yana ɗaure wa wata tsohuwa ƙafa. Furfura ta fito masa. Na jira ta tafi, na zauna kusa da shi yana wanke hannu.

Na ce, "Bawana, tun ranar nan, ya sake zuwa?"

Ya yarfe ruwan hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi hanya, kamar mai jiran baƙon da ya ce yana tafe.

Ya ce, "Tukuna."

Sai wata mata ta ƙwala masa kira daga bayan danga, wai ɗanta ya taka ƙaya. Ya ɗauki akwatinsa ya tafi.